Gidan Baya

Ƙofa biyu gare ta, kuma duk wanda ya shiga gidan baya ba ya fita sai na gaba ya ga dama. Jar Golf ce ƙarama, irin mai gudun nan. Baba Sati ya saye ta a hannun wani malamin jami'a, shekarar da ya yi ritaya daga tuƙa manyan ma'aikata a Shika. Tun a lokacin ta kwana biyu. Mitarta ta ƙirga tafiya har ta gaji ta tsaya, amma in ya taka ta a hanyar Funtuwa, motocin bana sai dai su hangi bayanta.

Duk Samaru an san ƙararta. Kowace Asabar yakan buɗe bonet, ya murza baƙin mai tsakanin yatsu, ya leƙa ruwan lagireto, ya goge fulogi. Ba ya ba kowa aronta. Ba ma a tambaya, domin tana da hali. In ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu, in kuwa ta mutu da zafi, ba ta tashi sai ta huce ko an tura. Shi kaɗai ya iya danne birki da yatsun ƙafa yana lallaɓa totur da dunduniya.

Sai yanar ido ta kama shi, ta rufe masa ido ɗaya, ta fara lasar ɗayan. Likita ya ce ba shi ba sitiyari sai an yi aiki, aikin kuma sai bayan Kirsimeti. 'Yarsa Winifred, malamar firamare, ta karɓe makulli. Shi ya koya mata dabarar dunduniyar, yana koyarwa kamar ana cire masa haƙori.

Ana jibi tafiya gida suka kai motar garejin Akinola a Sabon Gari. Bayarabe ne, amma a nan aka yanke masa cibiya.

"Baba Sati, shekara nawa ina roƙonka?" in ji Akinola. "Ka bar ni in gyara silon nan, ta daina mutuwa in an ɗaga ƙafa, ta riƙa tsayawa da kanta kamar motar mutane. Kafin ka gama rake ɗaya na gama."

"Juye mai. Duba birki."

"Silon fa?"

"Ni ne silonta."

Akinola ya dubi Winifred. "Anti, kin ji ko? So yake ta zama karen gida, ta ciji kowa ban da shi. Bara ma kujerar mai zaman banza ya sa na yi wa walda, wai tana kaɗawa. Yanzu ko Fasto ne a baya, sai direba ya tashi zai fita."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji Baba Sati, ya juya kai.

A ƙauyensu, can bayan Zonkwa, akwai wata bishiyar mangwaro da tsofaffi ke zama a gindinta jajibirin Kirsimeti, suna kallon masu dawowa. Wanda ya tuƙo kansa, a ce ya zo. Wanda ɗansa ya tuƙo, a ce an kawo shi. Bara aka kawo Othniel, abokinsa tun na ƙuruciya, kuma Baba Sati ne ya ɗaga murya ya ce, "A sauke shi a hankali, kada ya fashe." An yi dariya har da masu tari.

Saboda haka ya kafa sharaɗi. Winifred ta ja har gadar da ke ƙasan gari. Daga nan hanya miƙaƙƙiya ce, babu manyan motoci, shi zai shiga da abarsa. Ta yi gardama, ta gaji, ta yarda.

Ran tafiya da safe matarsa Elizabeth ta ɗauki gaba, don gwiwarta ba ta lanƙwasuwa. Aka kwantar da kujerar direba, Baba Sati ya sunkuya ya kutsa baya, tsakanin buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa. Aka mayar da kujera, ta daki gwiwoyinsa. Rufin mota ya danne masa hula. Gilashin wurin ba ya sauka. Tun da ya saye ta bai taɓa sanin haka bayanta yake ba.

"Sa giya uku," ya ce tun ba su wuce Kwangila ba.

"Tana uku, Baba."

"Kina cin kuloci."

"Malam, ka bar yarinya ta yi tuƙi," in ji Elizabeth. "Ko addu'a ba ka bari mun ƙarasa ba."

Cunkoson Kawo ya gasa su. Yana jin warin injin yana sauyawa, yana jin ƙafarsa tana taka abin da babu. A Kachiya suka kashe ta a inuwa, suka ci doya da ƙwai, suka daɗe suna jiran ta huce kafin ta yarda ta tashi. Ya ƙara mata ruwa da hannunsa, yana laluben bakin lagireto da yatsa. Winifred ta gani, ta kau da kai.

Bayan Kachiya hanya ta buɗe. Yarinyar ta sauke giya, ta taka, ta wuce wata tirela kamar an tsayar da ita. Ƙarar ta shigo masa ta ƙashin baya. Daidai inda zai canja giya, nan ta canja. Ya buɗe baki zai yi gyara, bai sami abin gyarawa ba, ya rufe.

Rana ta yi ja suka gangara kwarin. Winifred ta tsaya a bakin gada, dunduniyarta tana lallaɓa totur, allurar zafi ta kusa taɓa ja.

"Mun iso, Baba."

"To, fita."

"In na ɗaga ƙafa za ta mutu."

Gaba hawa ne, baya hawa ne. Ba mai tura mota a nan, kuma a zamanin nan ba mai zaman jiran inji ya huce a dajin nan da magariba.

"Maman Wini, miƙo ƙafarki ki riƙe mata totur."

"Wace ƙafar? Wadda ko coci sai an riƙe ni?"

Ya kama kujerar matarsa ya girgiza. Waldar Akinola ba ta ko motsa ba. Wasu mata masu dawowa daga rafi suka tsaya, suka gane motar, suka yi gaba da sauri da labari a bakinsu.

"Baba, ka zaɓa," in ji Winifred a hankali. "In ka ce in kashe, in kashe. Sai mu aika a kira samari su turo ka har gindin mangwaro."

Ya leƙa ta tsakanin kujeru. Ya san gadar nan ba ta da shinge, ya san faɗinta kamar tafin hannunsa. Ya nemi bakinta bai gani ba. Wani abu ne fari-fari kwance a kan wani abu baƙi-baƙi. Injin yana ta huci a ƙarƙashinsu, yana jira.

"Sa ɗaya," ya ce. "Kada ki canja sai kin wuce rabin hawan. In kin hangi mangwaro, hon biyu. Ki bari su ji muryarta."

Ta haura tudun da rurin da ya kori kaji daga hanya. A gindin bishiyar Winifred ta tsaya, ta ɗaga ƙafa, motar ta yi tari ɗaya ta yi shiru. Tsofaffi suka taso. Othniel ne a gaba, yana dogara sanda. Ya leƙa gaba, ya ga mata biyu. Ya manna fuska a gilashin baya, ya daɗe yana kallo.

"Kai, jama'a, ku zo ku ga Sati!" ya ce. "Mu ana kawo mu a gaba kamar kaya, shi ya yi direba! Ga shi can a gidan baya ya hakimce, sai ka ce shugaban ma'aikata. Ranka ya daɗe, a buɗe maka?"

Winifred ta riga ta fita, mata sun rufe ta da guɗa, sun ja ta gefe. Ba wanda ya tuna da kujerar.

Baba Sati ya gyara hularsa. Shekarun da ya yi yana kallon manya ta madubi, ya san yadda suke yi. Ya jingina da buhun shinkafa, ya ɗaga hannu ɗaya a hankali, ya jira.