Ruwan Maƙabartar Matameye

Lokacin da fari ya yi tsanani, sojoji suka kawo Dogo garin Matameye gunduwa-gunduwa a kan manyan motocin kamyo, suka harhaɗa shi a bayan kasuwa. Mutum-mutumi ne na ƙarfe, ya fi rimi tsawo, an ƙera shi don haƙar ruwa. Matuƙinsa kan shiga cikin ƙirjinsa, a jona masa wayoyi a ƙeya, daga nan duk abin da ƙarfen ya taɓa sai ya ji a fatarsa.

Sarjan Illa ne matuƙin, ɗan garin ne. Ya haƙa a Dungu, ya haƙa a Kurni, ba ko laima. Daga ƙarshe na'ura ta nuna ruwa a ƙarƙashin maƙabarta, inda aka binne mahaifiyarsa da waɗanda yunwa ta kashe bara. Kumandan sojojin ya ce gobe a fara.

Illa ya je wurin Malam Shekara, limamin unguwarsu, ya tambaya ko alhakin zai hau wuyansa, tunda umarni aka ba shi, hannun kuma ba nasa ba ne. Malam ya waiwaya. Jikarsa na kwance a zaure, leɓɓanta sun tsattsage don ƙishi.

"Ban san hukuncin ƙarfe ba," in ji shi. "Amma in za ka taɓa su, kada ka shiga ba tsarki."

Ba ruwan alwala, sai Illa ya yi taimama ya hau.

Kumandan ya so a kwashe ƙasar gaba ɗaya, Illa ya ƙi. Da yatsun da ke iya murƙushe mota ya riƙa ɗaukar mamatan ɗaya bayan ɗaya, yana kwantar da su a sabon rami suna fuskantar alƙibla. Yana jin kowane ƙashi. Bai gane wacce ce mahaifiyarsa ba. Likitan soja ya yi ta kira ta rediyo ya fito, jijiyoyinsa ba za su jure ba, amma Illa ya san in ya fito da katafila za a ƙarasa.

Da la'asar ruwa ya ɓullo, ja, da ɗan gishiri-gishiri. Mutane suka tsaya nesa suna kallo. Wata mai goyo, mai suna Baiwa, ta fara ɗiba, sauran suka bi.

Ko da aka zaro Illa, hannuwansa sun mutu har kafaɗa. An tsare shi a bariki don saɓa umarni, daga baya aka sallame shi. Ƙanwarsa ce ke ba shi abinci a baki. Dogo kuwa aka kwance shi, aka yi arewa da shi da sabon matuƙi.