Babban Yatsan Yaya

Ranar da aka kai Tsuntsuwa aji ɗaya, makaranta ta ce lambar waya ɗaya tak take so a kan kowane yaro, wadda za a sa a zauren saƙonnin iyaye na waya. Yayana bai ko kalli matarsa ba ya karanto tasa. Wai harkar ilimi sai mai sa ido. Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, na san irin sa idonsa. Mutumin da ya taɓa zuwa kasuwa da motarsa, ya manta, ya dawo gida a motar haya.

Tsuntsuwa 'yarsa ce ta fari, bakinta da ba ya hutawa ne ya ja mata sunan. Shagon ɗinkina a ɗakin ƙofar gidan yake, don haka da motar makaranta ta sauke ta, wajena take fara yada zango, ta zauna a kan buhun ƙyallaye ta yi ta zuba. Duk zancenta ɗaya ne: bene. Aji biyu a saman bene yake, kuma ba a barin 'yan aji ɗaya su taka ko matakalar farko. Ita da ƙawarta Mai Giɓi har sun zaɓi bencin da za su zauna, na jikin taga.

"Goggo, Malama ta ce sai wanda ya iya haɗa baƙaƙe ya karanta zai hau."

"To ke kin iya?"

Sai ta miƙe ta rera min waƙar baƙaƙen daga farko har ƙarshe, ba gargada. Muka tafa mata ni da uwarta. Littattafansu a makaranta ake barin su, ba mu da abin gwada ta da shi, kuma a kunnenmu yarinya ta gama karatu.

Duk ƙarshen mako Malama tana turo abin da aka koya da abin da za a maimaita a gida. Yaya kuwa ba a taɓa riga shi amsawa ba. Waya na yin ƙara zai zaro ta, ya danna hoton hannun nan mai ɗaga babban yatsa, ya mayar aljihu. Ko lomar da ke hannunsa ba ya ajiyewa. Idan Anti, wato matarsa, ta ce, "Me aka ce?" sai ya ce, "Na gani, na amsa. Ke dai ki ji da jariri."

Ba ya karanta saƙon kowa, amma kowa sai ya karanta nasa. Yana zaune a shagonsa na tayil da kan famfo, in ciniki ya yi sanyi, sai ya rubuto wa iyaye nasiha mai tsawon zani: uba shi ne malami na farko, iyayen zamani sun yi sake, da sauran su. Da yamma ya karanta mana ita da murya, yana tsayawa inda ya ga ya dace a jinjina kai. Kafin a je ko'ina iyayen suka naɗa shi shugaba. Ai dole, su ma masu yatsa ne.

Wata rana Tsuntsuwa ta shigo shagona tana jan wani kwalin tayil da ya fi ta faɗi.

"Goggo, ara min almakashinki. Malama ta ce a yanka."

"A yanka me?"

"Yana cikin wayar Baba. Kowa ya kawo nasa, ni kaɗai ce ban kawo ba."

Na jira Yaya ya dawo na tare shi a ƙofa. Ya ce, "Wannan ai tsohon zance ne, tuni na amsa." Na ce ya buɗe mu gani. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ɗinki daban, tarbiyya daban. Anti ta sa baki ta ce ko dai a sa lambarta a madadin tasa, tunda ita ce a gida. Nan fa ya hau, wai so take a ce shugaban iyaye guda an cire shi daga zaure. Kwalin ya kwana biyu a bayan kekena, daga baya aka shimfiɗa shi a ƙarƙashin risho.

Da shekara ta ƙare aka kira taron iyaye. Yaya ne zai yi jawabi, don haka ya ce mu shirya mu raka shi, ni da Anti. Ba don mu ji halin yarinya ba, don mu ji shi. A cikin ajin aka yi taron, kujerun yara aka ba mu. Yaya ya zauna gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa, amma bai fasa hura hanci ba.

Yana jawabi ni ina kallon bango. An ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, an rataye ambulan-ambulan da abin shanya, kowanne da sunan yaro. A ciki baƙaƙe ne da aka yanka da kwali, wasu sun yi laushi don shan hannu, wasu da tabon mai. Na Tsuntsuwa ma yana nan, amma nata na farar takarda ne, yankan Malama, ko lanƙwasa babu. Sai a lokacin na gane abin da aka so almakashina ya yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga Yaya can yana cewa, "Wanda bai zauna da ɗansa a gida ba, kada ya zargi malami." Aka tafa masa sosai.

Da aka watse Malama ta ce mu ɗan dakata. Ta ja kujera ta zauna kusa da Anti, ta ce cikin sanyin murya Tsuntsuwa ba za ta wuce aji biyu ba. Tana da ƙwaƙwalwa, waƙa sau ɗaya take ji ta riƙe, amma in an nuna mata baƙi ɗaya shi kaɗai, ba ta san shi ba.

Yaya ya miƙe har kujerar ta biyo shi. "'Yata? Shekara guda ana wannan, ba a sanar da ni ba? Ni?"

Malama ta sa hannu a jaka. Ta buɗe wayarta, ta shiga inda take tura masa saƙo shi kaɗai, ta miƙo. Muka haɗa kai a kanta ni da Anti. *Ranka ya daɗe, yarinyar nan tana buƙatar a zauna da ita ko na ɗan lokaci kullum.* Yatsa. *Har yanzu ba ta kawo baƙaƙenta ba.* Yatsa. *Don Allah ka zo mu yi magana, ko ka turo mahaifiyarta.* Yatsa. Na ƙarshen ya ce in ba a tashi tsaye ba za ta maimaita aji. Wannan har yatsa biyu ya samu, da fure.

Ita ma Malamar ban wanke ta ba. Shekara guda tana magana da yatsa, bai taɓa zuwa mata a rai ta maƙala wa yarinya 'yar takarda a jaka ba. Da na faɗa mata haka ta ce ta kira shi, ya ce yana tare da masu saye, zai neme ta. Kuma wa zai yi zaton shugaban iyaye ba ya karantawa? Anti dai hawaye kawai take sharewa da gefen majanyi.

Muka fito muka tarar da Tsuntsuwa a gindin bene. Mai Giɓi tana sama, ta leƙo ta tagar nan tana kiranta ta zo ta ga bencinsu, yau an bar kowa ya hau. Anti ce ta durƙusa ta gaya mata. Yarinyar ta sauke ƙafarta daga matakala. Ba ta yi kuka ba, kuma har muka shiga mota ba ta ce komai ba. Ban taɓa jin shirun yarinyar nan ba sai ran nan, kuma ya fi min kukan ciwo.

A hanya Yaya ya yi ta faɗa, makarantar banza, zai canza mata wata. Da ya gaji ya gyara madubi yana neman idonta a baya, ya sassauta murya.

"Tsuntsuwar Baba, kada ki damu. Daga gobe ni da kaina zan riƙa zama da ke kullum, mu yanka kwali, mu yi karatu. Kin ji ko?"

Ba ta juyo daga taga ba. Ta ɗago ɗan hannunta, ta dunƙule shi, ta ɗaga masa babban yatsa.