Ɗan Aiken da Amatullah Ta Dasa

Amatullah ba ta manta ranar da Sharhabilu ya tsinka ta a gaban ma'aikata ba. Su biyu suka gina manhajar da manoman Bakura da Maradun ke duba farashin gero da gyaɗa, a wani ƙaramin kamfani a Talata Mafara. Duk ranar kasuwa sai manhajar ta sanƙame, manoma su yi ta kira suna faɗa. Da mai kamfanin, Alhaji Mukhtar, ya tara su, Sharhabilu ya riga kowa buɗe baki.

"Ranka shi daɗe, ɓangaren Amatullah na. Aikin ga ya fi ƙarfinta."

Ba ta da hujja. Manhajar na zaune ne a manyan kwamfutocin haya na intanet, waɗanda ake kira gajimare, kuma babu abin da ke nuna sashen da ke gazawa. Aka tura ta ƙauyen Dakko rajistar manoma.

Ta tafi da abin a ranta kamar ƙaya. Daga can ta kira Alhaji, ta sassauta murya, ta nemi izinin dasa wani ɗan aike, wato ƙaramar manhaja, a gefen babbar, mai kwashe alƙaluman kowane sashe, saurinsa da kurakuransa, ya tura su allon ofis.

"Don amfanin kowa na, Alhaji."

Ya amince. A Dakko sai a kan tudun bayan makaranta ake samun sabis, can take zama da kwamfuta a cinya, shanu na wucewa ta gabanta. Karon farko ɗan aiken ya ƙi tashi, ta gyara masa izinin shiga. Sabis ya yanke ana tsakiyar ɗorawa, ta sake daga farko. Da alƙaluma suka fara zuba, ta liƙa wa kowane sashe sunan mai shi, da manyan baƙaƙe.

Ranar Talata, ranar kasuwa, ta hau babur ta iso ofis da hantsi, ta gaishe da kowa har da Sharhabilu, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Kasuwa na cika, manhajar ta fara ja da baya. A allo, layin Amatullah na kwance lafiya lau. Na Sharhabilu ya miƙe, ya yi jawur.

Alhaji ya daɗe yana kallo kafin ya juyo.

"Malam Sharhabilu, sunan wa nika gani nan?"

Sharhabilu ya ce sabis ne, ya ce gajimaren ne. Ya dubi Amatullah ko za ta sa baki. Ta gyara mayafinta, ta ci gaba da kallon allo.

Kafin azahar aka damƙa mata sashen nasa. Bayan 'yan makonni ya ajiye aiki ya koma Maradun. Ita kuwa ta zauna tana goge aikinsa layi bayan layi, tana rubuta nata, kuma ko kusa ba ta yi gaggawar gamawa ba.