Sarkin Tsari da Foldoji Biyu

A shagon ɗab'in Yaya akwai wata tsohuwar kwamfuta a lungu, kusa da injin yanka takarda. Ita ke ɗauke da duk aikin shagon, ba ta taɓa yi wa kowa gardama ba, sai ranar da ƙanen Yaya ya leƙa cikinta. Sarkin Tsari ake ce masa, mutumin da ko cokula sai ya jera su bisa tsayi.

"Yaya, kin ga ƙazanta?" in ji shi. "Kayan aikin kwamfutar nan a foldoji biyu suke, wasu nan wasu can. Yanzu haɗe su ake yi wuri ɗaya, a bar alama a tsohon wurin tana nuna sabon."

"Ka fita harkarta. Shugabar makaranta za ta zo karɓar takardun jarrabawa da yamma. In na rasa matar nan, na rasa babbar mai ba ni aiki."

"Kafin shayinki ya huce na gama."

Juya bayanta ke da wuya, gogan naku ya naɗe hannun riga. Ya kwashe foldar farko ɗungurungum ya juye a ta biyu, har da fito. Saura alama. Ya buga umarnin, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba. Ya ce to a mayar da kayan, ta ce wannan ma baƙo ne. Ashe abin da take gudanar da kowane umarni da shi yana cikin foldar da ya kwashe, ita kuwa baiwar Allah a tsohon wurin take lalube.

"Bari in kashe in kunna," in ji gwanin.

Ya kashe. Kunnawar ce ba ta samu ba, allo baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

"Sannu da aiki, auta," in ji Yaya. "Shayin dai ya huce."

Da yamma shugabar makaranta ta zo, ta dubi allon, ta dubi gumin goshinsa, ta tsallaka titi zuwa wani shagon ɗab'in da ke kallonsu. Ba ta ko waiwayo ba.

Yaya ta zare makullin shagon daga aljihunsa, ta tura masa kwandon tarkacen takarda da ƙafa.

"Tunda tsari kake so, ga shi nan. Jera min su bisa tsayi."