Allurar Auta a Ɗakin Sanyi

Da a ce ranar da firjin gidansu ya mutu wani ya gaya wa Baban Auta cewa dabarar da zai yi ita ce za ta kwantar masa da 'ya, da dariya zai yi masa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana aiki a ɗakin sanyi na kamfanin kifi, wa zai koya masa sanyi? Shi dai abin da ya sani, duk abin da ya daskare ba ya lalacewa.

Auta, 'yarsa mai shekara goma sha biyu, tana da ciwon suga irin wanda sai da allurar insulin kullum. Likita ya ce a riƙa ajiye kwalaben a wuri mai sanyi. Saboda haka da firji ya yi shiru, sai ya naɗe su a leda ya tafi da su wurin aiki, ya tura su can ƙurya bayan kwalayen kifi, inda ko ɗan yatsa ba ya jurewa. Matarsa ta ɗauka a firjin ofishin manaja ya sa su. Da ta gida ta ƙare, ya ɗauko ɗaya, ya riƙe ta a tafin hannu har ta narke, ya kawo yana jin ya yi abin kai.

Ba a jima ba Auta ta fara ɗirkar ruwa, tana zaryar banɗaki. Allura ba ta wuce lokacinta, amma lambar da na'urar gwaji ke nunawa sai hawa take yi. Barci ya ƙaurace masa. Ya zargi ƙawayenta da ba ta alewa a makaranta, ya zazzage jakarta, yarinya ta yi ta kuka tana rantsuwa.

"Ka kira Anti Tela mana," in ji matarsa.

"Ita likita ce? Taron marasa lafiya ne kawai, a zauna a yi ta tsorata juna."

Anti Tela mai ɗinki ce a bayan kasuwa, ita ma da allurar take rayuwa tun tana budurwa. Ita da wasu masu suga da hawan jini suka kafa ƙungiya. Ran hutu sukan ari ajin wata makaranta, su auna mutane kyauta, su koya wa iyaye yin allura. Matarsa ce mai zuwa. Shi sau ɗaya ya leƙa, ya ji ana maganar yanke ƙafa, ya sulale bai sake komawa ba.

Wata safiya Auta ta yi amai, ta kwanta tana jan numfashi da ƙyar, idanunta a lumshe. Shi da kansa ya ɗauki waya.

Anti Tela ta iso da tef ɗin awo rataye a wuya, cikin tasin Dogo, wani direba ɗan ƙungiyar. Ta durƙusa ta shinshina bakin yarinyar, ta soki yatsanta. Na'urar ta kasa nuna lamba saboda tsananin hawan suga.

"Dogo, kar ka kashe mota," ta faɗa ta taga. Ta juyo. "Ina kwalbar? A ina kuke ajiye ta?"

Ya ba ta labari, har da ragowar alfahari a muryarsa. Ta runtse ido.

"Baban Auta, maganin nan in ya daskare ya tashi aiki, ko ya narke ba ya dawowa. Kusan ruwa kuke ta yi mata."

Ya dafa bango. "Ashe ni ne na..."

"Ɗauko ta. Ka yi nadamar a mota."

A hanya wayarta ba ta bar kunnenta ba. Ta kira wata nas 'yar ƙungiya ta tare su a ƙofar asibiti. Ta kira wata ta je ta zauna da sauran yaran gida. Ta kira wani mai aski ya kawo kwalbar maƙwabci. A nan Baban Auta ya fara jin cewa duk ɗan ƙungiyar da firjinsa ke aiki, akwai kwalba ɗaya a ciki da ba tasa ba, ta wanda rana ta ɓaci wa ce. Ɗaya daga cikin firjin nan a layinsu yake, gida na kallon gida.

Dogo ya hango shi ta madubi yana share ido da hannun riga.

"Yaya, kowa a cikinmu da irin wautarsa ya shigo. Ni da aka ce in daina sa gishiri a abinci, sai na koma zuba shi a tafin hannu ina lasa. Ai ba a abinci yake ba."

"Kalli titi, sarkin wayo," in ji Anti Tela.

Nas ɗin na tsaye da keken marasa lafiya. Kafin ya gama fitowa daga mota an shige da Auta, an ɗaura mata ruwa. Ya zauna a benci, hannayensa har yanzu da ƙarnin kifi. Anti Tela ta zauna kusa da shi, ga aikin mutane ta baro a kan keken ɗinki.

"Mu ma da namu," ta ce. "Kullum muna cewa sanyi, sanyi, ba mu cika cewa kar ta daskare ba. Kuma iyaye maza ba sa zuwa. In ta tashi, za ka tsaya gaban aji ka faɗa musu da bakinka. Kai za su fi saurara."

"Anti, ni ban iya magana cikin taro ba."

"Ni na iya? Za ka koya."

Ya gyaɗa kai.

Da la'asar likita ya fito ya ce suga ya fara sauka, har ta buɗe ido ta nemi mamanta. Mai aski ya miƙa wa Baban Auta kwalbar cikin ɗan kulan ruwa, ya karɓa da hannu biyu. Game da ƙoda kuwa, likita ya ce sai sakamakon gwaji ya fito. Ko ta taɓu ko ba ta taɓu ba, har yanzu babu wanda ya sani.