Shukar da Aka Hana Haihuwa

Wani dare Mai Agogo ya ji ƙara a tsakar gida, tas, kamar an taka ƙwan fitila, sai kuma wani shuu siriri kamar yashi na zuba daga buhu. Ya kasa kunne, bai sake jin komai ba, ya koma barci. Da gari ya waye ya tarar tukunyar shukar marigayiya matarsa ta tsage gida biyu, ƙasa ta zube, saiwar nan mai kaurin damtse tana waje. Ya danna ta da yatsa, yatsan ya nutse. Ashe ta daɗe da ruɓewa daga ciki.

Babu irin shukar nan a duk unguwar. Furenta ja ne, ba ya buɗewa sai rana ta yi sanyi, amma ganyen ne abin kallo. Kowanne kore da fari, dabbare-dabbare, sai ka ce wani ya yi fenti a kusa ya fantsama musu. Da shukar nan matar ta tare a gidan, kuma ita kaɗai ce cikin kayanta take ci gaba da girma bayan rasuwarta.

Shekara goma sha huɗu yana neman 'ya'yan shukar. A ganinsa ba ta da ƙarfin goyo, tunda girmanta a hankali ne, kuma rana na ƙona mata farin ganye. Sai ya ba ta aikin uba. Ya jera 'yan'uwanta koraye, ƙarfafa, a gindin katanga don su zama iyaye mata. Kullum in ya rufe shago sai ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya ɗauko hantsakin da yake ɗaga allurar agogo da shi, ya tsinke furen mai dabbare-dabbare da zarar ya buɗe, ya goga garinsa a kan furannin korayen. Ko fure ɗaya bai taɓa bar mata ba.

Lokacin tana raye, matar takan ce, “Malam, ka bar ta ta haihu mana, ko sau ɗaya.”

Shi kuma ya ce, “Ni da nake ɗaura ƙarfen da bai kai ƙwayar yashi ba, ke za ki koya mini aikin hannu?”

Korayen su yi iri baƙi ƙirin, ya shuka a gwangwanayen madara, ya yi ta leƙe safe da yamma. Su tsiro koraye shar. Wata shekara ya ɗora wa ruwan famfo laifi, wata shekara ya ce tsatsar gwangwani ce. Har ya taɓa zargin hasken farin wata.

Ranar da tukunyar ta fashe ya kira Auta, ƙaramar 'yarsa, wadda ke aiki a wurin gwajin irin shuka. Ta iso kafin azahar. Ta ɗauki reza ta yanka rassan ɗaya bayan ɗaya, ko za a samu na dasawa. Duk cikinsu ya yi baƙi, yana wari.

“Reshe dai babu, Baba. Kawo irinta mu shuka.”

Ya shiga ɗaki da sauri ya fito da akwatin da yake ajiye tsofaffin agogo, cike da ƙullin takardu, kowanne da shekararsa.

“Wannan daga jikin wacce ka tsinka?”

“Daga korayen. Amma ai ita ce ubansu.”

“Nata fa? Wanda ya nuna a jikinta?”

Ya gaya mata yadda yake yi. Ita da ta tashi tana ganinsa da hantsaki a bakin tukunya, ba ta taɓa tambayar me yake yi ba, ta ɗauka shiririta ce irin tasa. Ta zauna a bakin rijiya.

Can ta ce, “Baba, zanen nan ba ya bin garin fure. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa a cikin ganye, su ke ba shi kore. Nata wasu lafiyayyu ne, wasu farare. A irin wannan shuka uwa ce kaɗai ke zuba su cikin ƙwayar iri. Uba na kawo nasa rabon kamannin, amma ba ya zuwa da waɗannan.”

“Ko kaɗan?”

“Ko ka shekara ɗari kana gogawa. Mu ma mutane akwai ɗan abin da sai ta wajen uwa ake samunsa. Nawa na Mama ne zalla.”

“To ni me na ba ki?”

“Hanci, Baba. Kuma ban yafe ba.”

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya ce, “Da na bar mata fure ɗaya fa?”

Auta ta kau da kai. “Da wasu sun fito koraye, wasu farare su mutu. Wasu kuma da sun fito sak ita.”

Ya dubi layin gwangwanayen, ya dubi hantsakin da ke leƙowa daga aljihun rigarsa. Abin da ake bukata kawai shi ne wata yamma ɗaya ya makara a shago, ko ya yi zazzaɓi, ko ya ji maganar matarsa. Bai taɓa makara ba. Ya durƙusa ya fara tattara ganyen da suka zube, yana shimfiɗa su a tafin hannu, yana miƙar da waɗanda suka nannaɗe.

Suna nan sai maƙwabciyarsu mai ɗinki ta leƙo ta kan katanga da tsumma a kafaɗa. Jikin Auta ya tare mata tukunyar, ba ta ga ta fashe ba.

“A'a, Auta, yau ke ce a gidan? Sannu da zuwa. Mai Agogo, ni kam na gaji da kunya, yau sai na yi magana. Irin mai zanen nan da marigayiya ta ce za ta ba ni in ta samu, yaushe zan zo in karɓa?”