Shayi na Uku da Mayo Mai Lamba Tara

Ranar Talata Andarawus ya tafi Damagaram. Wani kulob na can ne ya ɗauke shi. Tun da aka kafa Jan Tattasai, ƙungiyar unguwarmu, shi ke ci mana ƙwallo, ga shi ranar Lahadi muna da wasa da 'yan Mainé. Abin da ya bar mana takalmansa ne da mayo, wato rigar wasa, mai lamba tara, yayarsa Lois ta wanke ta kawo a leda.

Ni nake son mayon nan. Tun da na bar karatu a lakol ba abin da na riƙe ya zauna a hannuna: na yi faci, na yi dakon tattasai, na tura baro a tasha. Ƙwallo ce kaɗai ban gaji da ita ba. Amma a fadarmu, inda muke taruwa shan shayi, mutum ba ya ambatar sunan kansa, abin kunya ne. Don haka na roƙi abokina Gambo ya faɗi sunana, ya ce in kwantar da hankalina, da ya gama ban ruwa a garkar kawunsa zai zo.

Fadar tana zama a bayan shagon Ɗalha, kuma tana da ƙa'ida. Maganar da aka buɗe a shayi na farko, da an shanye na uku ta rufu, ba mai sake tada ta. Mai dafa shayi kuma ba ya sa baki sai ya zuba na ƙarshe, don an taɓa yin musun da buta ta ƙone ƙurmus. Ranar nan layina ne na dafawa.

Mai horar da mu, wanda muke kira Ba Fannami, ya ajiye ledar a tsakiyar tabarma bayan la'asar. "To, wa zai saka?"

"Muhsinu na Assaga," in ji Ɗalha. "Na gan shi da idona. Yaron nan in ya kwasa da gudu, iska ma sai ta nemi keke."

"A yashi ka gan shi, ba takalmi," in ji Marc, direban wata ƙungiyar agaji. "Sa masa takalmi ka gani, kamar an ɗaure akuya. Mu buga ba ɗan gaba kawai. Manyan kulob na yi, ina gani a tele."

"Su manyan kulob ɗin naka suna da mai tsaron gida irin namu, wanda ke kallon 'yan mata ana bugo kwana?" in ji Ɗalha.

Aka fashe da dariya. Na zuba na farko, idona na kan hanyar kogi. Ba Gambo.

A na biyu suka tono kowa. Wani ya ce a dawo da Élie daga baya, Ɗalha ya ce Élie in ya ga raga sai ya buga wa ungulu. Wani ya ce a nemo ɗan haya daga Sayam, Marc ya ce na bara da aka nemo ya ci shinkafarmu ya ci kati ja. Har sunan Ɗalha aka kawo da tumbinsa. Ina durƙushe gabansu da maficina, ba wanda ya dubi inda nake.

Na ɗora na uku. Na janye gawayi gefe don wutar ta yi sanyi. Na wanke kofuna, na sake wanke su. Na ce sukari ya ƙare, alhali yana ƙarƙashin cinyata.

"Ga shago nan a bayanka," in ji Ɗalha. "Kai Hafiz, yau shayin nan daga Agadas zai taho?"

Wayata ta yi ƙara. Gambo ne. Injin ban ruwa ya mutu, ruwan Komadugu ya ja baya, suna ta jan tiyo cikin laka shi da kawunsa. "Ka yi haƙuri, abokina, ba zan iya barin tattasan nan ya sha rana haka ba. Gobe sai in faɗa musu."

Gobe maganar ta rufu, shi ma ya sani.

Shayin ya tafasa har ya yi baƙi. Ba sauran dabara. Na ɗaga buta na zuba, kumfar ma ba ta tashi ba. Na miƙa wa Ba Fannami nasa, na miƙa wa sauran. Yanzu bakina ya buɗe, amma kofin shayi kurɓa nawa ne? Marc har ya kai nasa baki.

"Ni fa?" na ce.

"Kai me? Ga naka nan," in ji Marc.

"Mayon. Ni zan iya sakawa."

Ɗalha ya riƙe baki. "La'ilaha! Yau ga wanda ya kai kansa kasuwa."

"Shi ya sa shayin ya yi ɗaci," in ji Marc. "Ashe kamfen ake mana."

Na riga na fito. "Ranar atisaye wa ya ci biyu? Ku tambayi mai tsaron gidanmu. Andarawus ma ya ce ƙafata ta hagu ta fi tasa."

"Andarawus yana da kirki, kowa yabonsa yake," in ji Ɗalha.

Ba Fannami bai yi dariya ba. Ya juya kofinsa a hannu, saura kurɓa ɗaya a ciki. "Hafiz, ƙafa kana da ita. Zama ne ba ka da shi. Wancan watan atisaye nawa ka zo?"

Na juya na shiga kashe gawayi.

"Muhsinu zai fara. Kai ne na bayansa. In ya gaji, ko takalmin ya ɗaure shi kamar yadda Marc ya ce, ka shiga. Daga yau har Lahadi in na neme ka a fili ban gan ka ba, ko benci ba za ka zauna ba." Ya shanye ya kife kofin. Sannan ya turo mini ledar da ƙafa. "Gobe ka kai masa Assaga. Ka gwada masa takalmin Andarawus."

Da safe na hau keke-napep mai zuwa Assaga, ledar a cinyata, an matse ni tsakanin buhun tattasai da wata tsohuwa mai kaji. Muna wuce shingen sojoji na zaro mayon. Ƙanshin sabulun Lois yake. Na cire rigata na saka shi. Ya ɗan yi mini yawa a kafaɗa.

"Ɗana, kai ɗan wasa ne?" in ji tsohuwar.

"Na bayan ɗan wasa ne, Iya."

Sai da rumfunan Assaga suka bayyana na cire shi, na ninke yadda Lois ta ninke. Na ce wa mai keke ya jira ni, kada ya tafi ya bar ni, da la'asar ina da atisaye.